Yadda Ake Koyon Gwada Maganin Kashe Ƙwayoyin Cuta a Kan Sababbin Cututtuka

Duk lokacin da wata sabuwar cuta ta ɓulla, tun kafin a kai ga maganar rigakafi, akwai tambayar da ke fara fitowa daga bakin nas-nas da masu sharar asibiti: da me za mu goge gadon da marar lafiya ya tashi a kai, kuma minti nawa za mu bar shi a jiƙe? An yi wannan tambaya a Legas a 2014 lokacin Ebola. An yi ta a 2017 da kyandar biri ta dawo Nijeriya, duniya baki ɗaya ta yi ta a 2020, kuma ana sake yin ta kowane rani idan zazzaɓin Lassa ya motsa. Amsar tana fitowa ne daga hannun wanda ya zauna a ɗakin gwaje-gwaje, ya haɗa ƙwayar cuta da maganin, ya riƙe agogo, sannan ya ƙirga abin da ya tsira.

Wannan jagora ta wanda zai koyi wannan aiki ce, da kuma malamin da zai ɗora shi a hanya. Abu guda nake so ya zauna a zuciyar mai koyo tun daga ranar farko: farantin shuka ƙwayoyin cuta da ya fito tas, babu ko ɗigon tsiro, ba shi ne hujjar cewa magani ya yi aiki ba. Akwai hanyoyi da dama da faranti zai fito tas alhali ƙwayar tana nan da ranta a kan gadon asibiti. Yawancin horon nan koyon toshe waɗannan hanyoyi ne.

Mataki na farko: san taurin abin da kake son kashewa

Ƙwayoyin cuta ba ƙarfinsu ɗaya ba a gaban magani, kuma tsananin cutar da suke jawowa ba shi ne ke nuna taurin kansu ba. Bairos ɗin Ebola da na Lassa da na korona duk suna sanye da wata riga ta maiƙo, kuma da sabulu ko sifirit ko kulorin ya narkar da rigar, sun gama aiki. Su ne mafi sauƙin kashewa. Sama da su akwai bakteriya na yau da kullum, sai fangas, sai ƙananan bairos marasa riga irin na shan inna da norobairos mai sa amai da gudawa, sai dangin ƙwayar tarin fuka masu bango mai kakin zuma, sai kuma bakteriyar da ke ƙulle kanta cikin ɓawo ta kwanta shekaru.

Wannan tsani shi ne abin dogaro idan sabuwar cuta ta zo kuma babu wanda ya taɓa gwada komai a kanta. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta fitar da tsari a 2016 a kan haka, ta yi aiki da shi a farkon 2020 saboda korona, ta sake a 2022 saboda kyandar biri. Abin da tsarin ya ce shi ne, idan sabon bairos mai riga ne, maganin da aka riga aka tabbatar yana kashe bairos marar riga za a iya dogara da shi. Idan kuwa sabon ƙarami ne marar riga, sai maganin ya kashe irinsa guda biyu daga dangi daban-daban.

Amma kada ka ɗauki tsanin a matsayin alƙawari. Candida auris, wani nau'in yis, wato dangin fangas, da aka fara bayyanawa a Japan a 2009 daga kunnen wani majinyaci, ya nuna iyakar wannan tunani. Yana daɗewa makonni a jikin kayan asibiti, kuma magungunan goge-goge da ke dogara da sinadaran kwatanari amoniyam kaɗai ba sa yi masa abin kirki, ko da yake kulorin da haidurojin feroksaid suna kashe shi. Dole EPA ta ware masa jerin magunguna nasa daban. Dalilin da ya sa ake gwaji ke nan maimakon a tsaya a kan zato.

Mataki na biyu: tsaro, da zaɓen wakili

Ba za ka fara da ƙwaya mai haɗari ba, kuma wataƙila ba za ka taɓa riƙe ta ba har ka gama aikinka. Renon bairos ɗin Lassa, Ebola, Marburg ko Nipah aikin ɗakin tsaro mataki na 4 ne, wato mafi tsananin tsaro, irin waɗanda ba su da yawa a duniya. Gano cutar a jinin majinyaci, kamar yadda ake yi a asibitin koyarwa na Irrua a Jihar Edo ko a babban ɗakin gwaji na NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Nijeriya, a Abuja, abu ne daban da renon ƙwayar da rai don a zuba mata magani.

Don haka ake aiki da wakili: ƙwayar da ta yi kama da mai haɗarin a gini da tauri, amma ana iya sarrafa ta a ɗakin mataki na 2 ko ƙasa da haka. Ga bairos mai riga, mai koyo zai iya farawa da Phi6, wanda ba ya kama mutum, bakteriyar tsirrai ta Pseudomonas syringae kawai yake ci. Ga marar riga akwai MS2 mai cin E. coli. Waɗannan biyu alheri ne ga ɗakin da ba shi da kuɗin renon sel na dabba, domin da faranti da aga, wato daskararren abincin da ake shuka bakteriya a kai, kawai ake ƙirga su. Ƙa'idar Turai ta EN 14476 kuwa tana amfani da vaccinia, bairos ɗin da ake rigakafin agana da shi, a madadin masu riga, sai bairos ɗin shan inna, adenobairos da norobairos na ɓera a madadin marasa riga. A ɓangaren bakteriya, Staphylococcus aureus mai lamba ATCC 6538 da Pseudomonas aeruginosa mai lamba ATCC 15442 su ne aka fi sani, sai Candida albicans ATCC 10231 ga yis.

Waɗannan lambobi na ATCC, ma'ajiyar ƙwayoyin gwaji ta Amurka, suna da amfani. Idan ka ɗebo ƙwaya daga gyambon wani majinyaci ka yi gwaji da ita kaɗai, babu wanda zai iya maimaita aikinka a wani gari. Fara da ƙwaya mai lamba, sannan ka ƙara ta gida a gefe idan kana son sanin halin da ake ciki a asibitinku.

Kafin a buɗe firiza, mai koyo ya rubuta da hannunsa abin da zai iya faruwa a kowane mataki da abin da zai yi idan ya faru. Littafin tsaron ɗakin gwaji na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na huɗu na 2020, a kan wannan ya ginu: a auna haɗarin aikin kansa, ba a tsaya ga sunan ƙwayar kawai ba. Ya koyi aiki cikin akwatin kariya mai tace iska ba tare da toshe ramukan gaba ba, ya koyi cire safar hannu ba tare da ta taɓa fata ba, ya koyi share abin da ya zube, ya koyi tukunyar tururi a digiri 121 da yadda ake tabbatar da cewa ta dafa abin da ke ciki. Kada ruwan bilic ya shiga tukunyar tururi, kuma kada ya haɗu da asid ko amoniya, domin iskar da za ta tashi tana ƙona huhu. A wurarenmu akwai ƙarin tambaya da dole a amsa a rubuce: idan aka ɗauke wuta kana tsakiyar aiki a akwatin kariya, me za ka fara rufewa? A yi atisayen wannan tun babu ƙwaya a hannu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na uku: gyaran hannu

Kwanakin farko na ruwa ne da sikeli. Maikurolita 1000 na ruwa giram 1 ne. Ɗebo da fifet, wato bututun awon ruwa kaɗan, zuba a sikeli, rubuta, maimaita har lambobin su daina tsalle. Daga nan sai sirkawa bi-da-bi, mililita 1 cikin mililita 9, ana canza bakin fifet a kowane bututu, ana girgizawa sosai. A fara da ruwa mai launi, sannan a koma bakteriya marar haɗari a shuka a faranti. Idan farantin farko ya ba da tsiro 200, na gaba ya kamata ya ba da kusan 20. Wanda hannunsa bai kai nan ba, kada a ba shi magani ya gwada.

Mataki na huɗu: auna maganin kansa

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma tsallake shi yana ɓata duk abin da zai biyo baya. Kulorin yana gudu daga ruwa idan ya sha zafi da rana. Jarkar bilic da ta kwana watanni a shago mai rufin kwano a lokacin bazara ba lalle ne ta riƙe ƙarfin da aka rubuta a jikinta ba. Don haka a auna kafin a sirka, ko dai da takardar gwaji mai kai wa manyan lambobi, ko kuma, wanda ya fi, ta hanyar ɗiga sodiyam tayosalfet a kan samfurin da aka zuba wa fotasiyam ayodaid da sitaci har shuɗin ya ɓace.

Lissafin sirkawa mai sauƙi ne: raba ƙarfin da ke hannunka da ƙarfin da kake so, ka cire ɗaya, abin da ya rage shi ne yawan awon ruwa a kan awo ɗaya na bilic. Bilic mai kashi 3.5 cikin ɗari, idan kana son kashi 0.5 irin wanda aka yi amfani da shi wajen jini da amai lokacin Ebola, awo 6 na ruwa ne a kan awo 1. Idan kashi 0.1 kake so, irin wanda aka ba da shawara don goge wurare lokacin korona, awo 34 ne. A haɗa sabo ranar gwaji, a rubuta lambar rukunin kayan, ranar ƙarewa, da ƙarfin da aka auna.

Ruwan sirkawa ma abin dubawa ne. Ƙa'idojin gwaji ba sa amfani da tataccen ruwa, suna haɗa ruwa mai nauyin kalsiyam da magnesiyam, irin wanda sabulu ba ya kumfa da kyau a ciki, domin irin wannan ruwa yana rage ƙarfin wasu magunguna, musamman dangin kwatanari. Shawarata ita ce, bayan ka gama da ruwan ƙa'ida, ka ɗebo ruwan burtsatsen da asibitin ke amfani da shi ka sake gwadawa da shi, domin da shi mai shara za ta cika bokiti.

Mataki na biyar: gwajin cikin ruwa

Nan ake haɗa ƙwaya da magani a bututu ɗaya. Zan bi tsarin ƙa'idar Turai ta bakteriya a fannin asibiti, EN 13727, da Staphylococcus aureus a matsayin misali.

Ka reni bakteriyar sabuwa, ka dama ta a ruwan sirkawa har yawanta ya kai tsakanin miliyan 150 zuwa miliyan 500 a kowace mililita. Gurɓacewar ruwan a ma'aunin McFarland 0.5 tana kai ka kusa da ƙasan wannan adadi, amma ido ba ya wadatarwa, dole ka sirka ka shuka don sanin ainihin yawan da ka fara da shi.

Sai dauɗar gwaji. A asibiti ƙwaya ba ta zuwa tsirara, tana zuwa cikin jini, majina, amai ko bayan gida, kuma kulorin yana ƙarar da ƙarfinsa a kan wannan ƙazanta kafin ya kai ga ƙwayar. Ƙa'idar ta tanadi yanayi biyu. Yanayin tsafta shi ne giram 0.3 na albumin ɗin jinin shanu a kowace lita. Yanayin ƙazanta kuwa giram 3 ne na albumin tare da mililita 3 na jajayen ƙwayoyin jinin tunkiya a lita. Wanda ya gwada magani a yanayin tsafta kaɗai ya ce zai yi aiki a ɗakin masu zazzaɓin Lassa kamar wanda ya gwada wuƙa a kan kabewa ne ya ce za ta sare ƙashi.

Haɗin shi ne mililita 1 na dauɗa, mililita 1 na ruwan ƙwaya, sai mililita 8 na magani. Lura da abin da hakan ke nufi: maganin ya sirku da kashi biyu cikin goma, saboda haka dole ka haɗa shi da ƙarfin da ya ninka wanda kake son gwadawa sau 1.25. Idan kashi 0.1 kake nufi, kashi 0.125 za ka haɗa. Masu koyo da yawa a nan suke zamewa.

Komai ya zauna a zafi ɗaya kafin a fara, yawanci digiri 20 a bahon ruwa. Da maganin ya shiga bututu agogo ya fara. Ka girgiza, ka mayar, ka jira. Idan lokacin ya kusa cika, ka sake girgizawa, kuma daidai cikarsa ka ɗebi mililita 1 ka zuba cikin bututun da ke da mililita 8 na sinadarin tsayarwa, wato mai karya ƙarfin maganin, da mililita 1 na ruwa. Bar shi minti 5, sannan ka shuka mililita 1 a faranti biyu, ka sa a akwatin ɗumi kusan digiri 37, ka ƙirga bayan kwana ɗaya ka sake dubawa a na biyu. Idan lokacin gwajin gajere ne, daƙiƙa 30 ko minti 1, a yi aikin mutum biyu, ɗaya da fifet ɗaya da agogo yana faɗa da murya. Jinkirin daƙiƙa goma a gwajin daƙiƙa talatin ya canza gwajin gaba ɗaya.

Kada a gwada ƙarfi guda. A zaɓi aƙalla uku, a ciki har da wanda ake tsammanin ba zai yi aiki ba. Ganin tsiro ya cika faranti a ƙaramin ƙarfi yana raguwa yayin da ƙarfi ke hawa shi ne alamar cewa gwajin yana iya bambance mai aiki da marar aiki.

Mataki na shida: tsayarwa, da gwaje-gwajen kwatance

Idan aka ce in zaɓi wuri ɗaya da malami zai daɗe da ɗalibinsa, nan ne. Ka ce kana gwada minti 1. Ka ɗebi samfur ka shuka ba tare da ka karya ƙarfin maganin ba. Maganin ya bi samfurin cikin faranti ya ci gaba da aiki dare da yini. Da safe faranti tas, ka rubuta cewa minti 1 ya isa, alhali abin da ka auna aikin awa ashirin da huɗu ne. Wani lokaci ma maganin bai kashe ba, ya hana tsiro ne kawai, kuma a kan gadon asibiti idan ya bushe ƙwayar za ta farfaɗo. Wannan kuskure koyaushe maganin yake fifitawa, kuma wanda zai biya kuɗinsa ita ce matar da ke goge ɗakin da hannunta.

Kowane magani da abin da ke tsayar da shi. Sodiyam tayosalfet yana karya kulorin da aidin. Lesitin tare da folisobet 80 suna kama dangin kwatanari da kuloheksidin. Katales yana rusa haidurojin feroksaid. Gilaisin yana kama dangin aldehaid. Sifirit galibi sirkawa mai yawa ta ishe shi. Akwai kuma haɗaɗɗen ruwan Dey-Engley da ya ƙunshi da yawa daga cikinsu, amma ko shi ba a amince masa haka kawai, sai an tabbatar da shi a kan maganin da ke gabanka, a ƙarfin da kake gwadawa. Idan babu abin da ya iya tsayarwa, sai a tace samfurin ta mataci mai ramuka 0.45 na maikuromita, a ɗauraye shi, a ɗora matacin a kan aga.

Tabbatarwar tana da ƙafa uku, kuma a duk ukun ana amfani da ƙwaya kaɗan, 'yan ɗaruruwa a mililita, domin ƙaramin lahani ya bayyana. Na farko, ka sa ruwa a madadin magani ka bi duk matakan, don ka ga ko dauɗar ko zafin ko jiran kansa yana kashe ƙwayar. Na biyu, ka zuba ƙwaya cikin sinadarin tsayarwa shi kaɗai, don ka ga ko shi ma guba ne. Na uku, wanda ya fi muhimmanci, ka zuba maganin mafi ƙarfi cikin sinadarin tsayarwa, ka jira minti 5, sannan ka ƙara ƙwaya. Idan tsayarwar ta yi, za ta rayu. A kowanne, abin da ya tsiro kada ya gaza rabin abin da aka zuba. Ɗaya ya faɗi, gwajin ranar ya faɗi, komai kyan sakamakon. A koya wa ɗalibi ya fara duba waɗannan faranti kafin ya kalli na maganin, domin ido idan ya riga ya ga abin da yake so, yakan yi wa sauran uzuri.

Mataki na bakwai: lissafi

Ana faɗin sakamako da log. Log 1 shi ne an kashe kashi 90 cikin ɗari, log 3 kashi 99.9, log 5 kashi 99.999. Kashi 99.9 da ake rubutawa a jikin kwalabe yana da daɗin ji, amma a cikin ƙwaya miliyan 10 ya bar dubu 10 da rai. Ƙa'idar Turai tana neman log 5 ga bakteriya a gwajin cikin ruwa, log 4 ga yis da fangas, log 4 ga bairos.

A ce ruwan ƙwayarka miliyan 300 ne a mililita. A cikin bututun gwaji ya zama miliyan 30, wato log 7.48. Farantanka biyu sun ba da matsakaicin tsiro 20. Tunda samfurin ya sirku sau goma a wajen tsayarwa, ƙwaya 200 ke nan a mililita, log 2.30. Ragin shi ne 5.18, ya ci. Idan kuwa babu tsiro ko ɗaya, ba za ka rubuta cewa an kashe duka ba. Ƙasa da tsiro 14 a faranti ba a dogara da ƙidayarsa, don haka za ka ce abin da ya rage bai kai 140 ba, ragin kuma ya haura 5.33. A maimaita gwajin a ranaku daban-daban da sabon reno, aƙalla sau uku.

Mataki na takwas: a kan abu busasshe

Cin gwajin cikin ruwa izinin wucewa ne kawai zuwa gwaji na gaba. Ƙwayar da ta bushe a jikin ƙarfe cikin dauɗa ta fi wadda ke yawo a ruwa wuyar kashewa. A ƙa'idar gwaji ta Amurka, ASTM E2197, ana amfani da 'yan fayafayan ƙarfe marar tsatsa masu faɗin santimita 1. Ana ɗiga maikurolita 10 na ƙwaya da dauɗa, a bari ya bushe, a ɗora maikurolita 50 na magani, a jira lokacin, sannan a zuba sinadarin tsayarwa a girgiza a kwato abin da ya rage.

Tarkon da ke nan shi ne bushewa kanta tana kisa, musamman ga Pseudomonas da bairos masu riga. Saboda haka ba da adadin da ka ɗiga za ka kwatanta ba, da faifan da ya bushe tare da sauran aka zuba masa ruwan gishiri a madadin magani za ka kwatanta. In ba haka ba, za ka ba magani ladan aikin iska. A rubuta zafin ɗaki da laimarsa kowace rana. Tsakanin hunturu da damina a Kano ko Damagaram bambancin yana da girma, kuma yana shafar wani abu da ya wuce ɗakin gwaji: sifirit da aka shafa a teburi cikin busasshiyar iska yana iya tashi kafin minti ɗaya. Idan gwajinka ya nuna ana buƙatar minti 5 a jiƙe, je ka shafa a kan gado na gaske ka riƙe agogo ka ga ko zai kai.

Bayan ƙarfe, a gwada abubuwan da ke asibitocinmu da gaske: ledar katifa, bokitin roba, tayil, katakon benci, siminti. Masu shan ruwa irin katako da siminti suna wahalar da kwato ƙwaya, don haka sai an fara auna nawa ake iya kwatowa daga jikinsu ba tare da magani ba.

Mataki na tara: bairos da sel

Bairos ba ya tsiro a aga, sai cikin sel mai rai, kamar sel ɗin Vero da aka samo daga ƙodar wani koren biri na Afirka. Ana sirka samfurin bi-da-bi, a zuba a faranti mai ramuka 96, a jira kwanaki, a duba da madubin likita a ga ramukan da sel ya lalace, sannan a fitar da adadi ta lissafin Spearman-Kärber ko na Reed da Muench. Renon sel horo ne mai zaman kansa, kuma wanda bai iya riƙe sel lafiya makonni ba tare da gurɓata ba bai isa wannan mataki ba.

Sabuwar matsalar ita ce maganin kansa yana kashe sel, kuma a ido lalacewar tana kama da ta bairos. Dole a yi gwajin kwatance da magani ba bairos don a ga inda gubarsa ta tsaya. A ce bairos ɗinka log 6.5 ne, gubar magani kuma ta hana ka karanta komai ƙasa da log 3.5. Iyakar ragin da za ka iya nunawa log 3 ne, ba za ka taɓa kai 4 ba ko da maganin ya kashe komai. Mafita ita ce a fara da bairos mai yawa, ko a bi da samfurin ta bututun jel mai riƙe sinadarin ya saki bairos, ko a sirka shi sosai a shimfiɗa a kan sel masu yawa. Akwai kuma gwajin da ke duba ko ragowar maganin ta sa sel ya daina karɓar bairos, domin sel da ya ƙi kamuwa yana kama da sel da babu bairos a kansa.

Tun bayan korona injinan PCR sun yawaita a ɗakunan gwaji, kuma ɗalibai sukan so su yi amfani da su a nan saboda sauri. PCR yana ganin guntun gadon halittar bairos ne, bai san mai rai da matacce ba. Sifirit zai iya kashe bairos sarai ya bar gadon halittarsa a kwance, injin ya ce yana nan. Abin da ake nema shi ne ko zai iya kama sel, kuma sel kaɗai ke ba da wannan amsa.

Mataki na goma: rahoto da jarrabawar mai koyo

Rahoto ya faɗi sunan magani da lambar rukuni, ƙarfin da aka auna, ruwan da aka sirka da shi, ƙwayar da lambarta, irin dauɗa, zafi, lokaci, sinadarin tsayarwa, da sakamakon kowane gwajin kwatance, har da ranakun da gwaji ya faɗi. Kuma ya tsaya inda hujja ta tsaya. Wanda ya gwada a kan Phi6 ko vaccinia zai rubuta cewa maganin ya rage wakilin bairos mai riga da log kaza, a ƙarfi kaza, cikin minti kaza, a yanayin ƙazanta. Ba zai rubuta cewa yana kashe Lassa ba. Rajistar kaya don sayarwa kuma aikin hukuma ne, NAFDAC a Nijeriya, kuma rahoton ɗalibi ba ya maye gurbinta.

Kafin a bar mai koyo ya yi aiki shi kaɗai, malami ya haɗa masa kwalabe masu lamba ba suna: ɗaya da cikakken ƙarfi, ɗaya da aka rage sosai, ɗaya ruwa ne zalla. A wata ranar kuma ya ba shi sinadarin tsayarwa da aka cire wa tayosalfet ba tare da ya sani ba. Ɗalibin da ya jera kwalaben daidai ya iya fifet da lissafi. Wanda kuma ya dawo da farantin kwatance na uku a hannu ya ce, "Malam, tsayarwar ba ta yi ba, sakamakon yau ba abin karɓa ba ne," shi za a sa wa hannu a takardar ƙwarewa, a ba shi samfurin farko da ya zo daga asibiti.